Ta ajiye aikin banki ta kama hanyar Dakar ita kaɗai: yadda abin ya kasance daga 2022 zuwa 2025

Wacece ita, kuma daga ina maganar ta taso

Ƙawata ce tun ajin sakandare, kuma da yardarta nake rubuta wannan, sharaɗi ɗaya ta kafa min wato kar in kama sunanta ko sunan bankin. A ƙarshen 2022 tana da shekara 33, bazawara ce, auren shekara biyu ya yi ya mutu ba haihuwa, tana zaune gidansu a cikin birnin Kano tare da Hajiyarsu da ƙanne uku, mahaifinsu ya rasu da daɗewa. Shekararta takwas a banki, ɓangaren kula da kwastoma, albashinta da alawus in an haɗa bai wuce naira 380,000 a wata ba, a ciki ne ake sayen maganin hawan jinin Hajiya da kuɗin makarantar ƙanne biyu, yayansu namiji yana taimakawa amma shi ma da nasa iyalin.

Ita wannan tafiya ba a Instagram ta samo ta ba kamar yadda aka yi ta yaɗawa daga baya. Kakanta na wajen uwa bafatake ne, yana zuwa Gonja saro goro, a can ya yi wani auren ya bar zuriya a zangon Kumasi, to tun tana yarinya take jin ana cewa akwai wata Goggo a Kumasi wadda ba wanda ya taɓa gani sai a hoto. Burinta dai ta ɗauki shekara guda cur tana tafiya a ƙasa har ta kai Dakar, ta ga Salaga, tsohuwar kasuwar goron Gonja, da idonta, ta yi ziyara a Kaulaha ta Senegal. Ita kaɗai, don tace in ta tsaya jiran abokin tafiya sai ta tsufa a bayan kantar banki.

Janairu zuwa Maris 2023: takardar da ba a miƙa ba

Wanda ya yi aikin banki lokacin canjin kuɗi ba sai an ba shi labari ba. An sauya 200 da 500 da 1,000, wa'adin tsofaffin kuɗi aka ce 31 ga Janairu aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin babu su, mutane na kwana a layin ATM. Ita ce a teburin gaba, duk wanda ya shigo da fushinsa a kanta zai sauke. Akwai ranar da wani dattijo da matarsa ke asibiti ya tsuguna a gabanta yana roƙon 20,000 daga cikin kuɗinsa, ba ta da abin ba shi, sai da ta shiga bayi ta yi kuka ta wanke fuska ta dawo ta zauna. A daren nan ta rubuta takardar ajiye aiki a waya ta turo min, nace mata don Allah ki bari gari ya waye.

Gari ya waye muka zauna da biro da takarda. A asusunta akwai naira miliyan 2.1, a lokacin dala tana wajen 750 a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, wato dala 2,800 ke nan, ga bashin ma'aikata da ta ci ta gyara rufin gida saura da yawa a kanta. Ko fasfo ba ta sabunta ba. Ta fasa miƙa takardar, muka tsayar da cewa za ta tara miliyan 6 tukuna. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, abubuwa suka ɗan lafa, ita ma zuciyarta ta sauko, amma maganar tafiya ba ta fita a ranta ba.

Yuni 2023 zuwa Fabrairu 2024: kuɗi ya zame, hanya ta rufe

Abu na farko da ta gwada shi ne tari, kuma ta yi da gaske fa, ta shiga adashi biyu, ta daina ɗinkin biki, anko ko na 'yar uwa ne tace a yi haƙuri, abincin rana daga gida take ɗaurowa. Duk abin da ta tara a naira take ajiye shi, wani a asusun da ake kulle kuɗi na wata uku-uku. Ma'aikaciyar banki ce amma hakan ta yi, ni ma da nake ba ta shawara ban ce mata komai ba, mu duka lissafin miliyan 6 muke yi.

An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa Fabrairu 2024 dala ta haura 1,500, akwai kwanakin da ta wuce haka sosai a hannun 'yan canji. Ita kuma ta kai miliyan 4.8, muka raba da 1,600 muka ga dala 3,000. Wata goma sha uku tana matse bakin aljihu, abin da ya ƙaru a kan na bara dala 200 ne kacal. Kuma inda za ta yawanci ƙasashen sefa ne, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 duk yuro ɗaya, ba ta motsi, saboda haka jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, da ake saye naira dubu da 'yan kai a farkon 2023 ta koma sama da dubu biyu. Ranar da muka yi wannan lissafin shiru ta yi, can tace "ashe ruwa nake ɗiba da kwando."

Hanyar ma haka. Tsarinta na farko ta Arewa ne, Kano zuwa Maraɗi, Yamai, Wagadugu, Bamako, sai Dakar, don tana ganin har Yamai da Hausa za ta je kuma ba za a yi mata kallon baƙuwa ba. Sai ga juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe boda, ba a ba da umarnin buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024. Ranar 28 ga Janairu 2024 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar za su fice daga ECOWAS, ga matsalar tsaro a hanyar da ma can. Duk abin da ta dogara da shi yarjejeniyar nan ce ta 1979 da ta ba ɗan ƙasar ECOWAS damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza ya zauna har kwana 90. Ta yage wancan tsarin ta koma hanyar gaɓar teku, Legas, Kwatano, Lome, Akara.

Maris 2024: asiri ya tonu a gida

Har wannan lokacin ba wanda ya sani a gidansu. Shirinta in lokaci ya yi tace banki ne ya tura ta kwas. Na sha gaya mata ƙaryar wata ɗaya ana iya riƙe ta amma ta shekara fa? tace za ta san yadda za ta yi. Cikin azumi ƙanwarta tana neman caja a durowa ta ci karo da sabon fasfo da katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawar da ake karɓa a ofishin lafiya na filin jirgi, da wani littafi da ta rubuta sunayen garuruwa da kuɗin mota. Kafin a sha ruwa magana ta kai kunnen Yaya.

Bayan tarawi aka zauna. Yaya yace shi bai taɓa jin inda 'yar mutunci ta ajiye aikin da dubu ke nema ta tafi yawon duniya ba muharrami ba, kuma ta tuna ita bazawara ce, abin da za a ce a unguwa ba yawon buɗe ido za a kira shi ba, ta san sunan da za a sa masa. Ya ɗauke fasfon ya sa a aljihu. Hajiya ba ta ce komai ba sai da kowa ya gama, sannan tace "Ke, ni ba tafiyar ce ta fi ƙona min rai ba, shekara guda kina shiri a ɗakin da nake shiga kullum ban sani ba." Wannan maganar ta fi ƙwace fasfon yi mata ciwo, kwana uku ba ta iya haɗa ido da Hajiya.

Maganar muharrami ba ta ɗauke ta da wasa ba, don mace ce mai addini. Ta tambayi malamai biyu. Na farko ya kawo mata hadisin da ya hana mace tafiyar yini da kwana ba muharrami yace magana ta ƙare. Na biyu yace a mazhabar Malikiyya an yi sauƙi mace ta bi amintacciyar tawaga amma a hajjin farilla malamai suka yi maganar, wasu malaman zamani sun faɗaɗa abin in hanya da aminci, Saudiyya ma yanzu tana barin mata su yi hajji da umara ba muharrami, sai dai shi ba zai ce mata yawo da hajji ɗaya ba ne, amma sada zumunci da ziyara suna da nasu matsayin, ta nemi yardar mahaifiyarta kafin komai. Ba ta samu amsar da za ta kwantar mata da hankali gaba ɗaya ba, kuma har yau in an tambaye ta haka take faɗa.

Hajiya ce ta warware. Tace in dai Kumasi ne wajen 'yar uwarta to ta yarda, amma na sati biyu zuwa uku, cikin hutunta na shekara, kuma ƙaninta da ya gama bautar ƙasa ya raka ta. Ta sa Yaya ya dawo da fasfon, ya ajiye shi a kan tabarma bai miƙa mata a hannu ba.

Afrilu zuwa Mayu 2024: gwajin kwana 18

An yi ƙaramar salla 10 ga Afrilu, suka tashi wajen ƙarshen watan. Kafin nan ta yi abu ɗaya da ya taimake ta, shi ma rabi sa'a ce, a tsakiyar Afrilu naira ta ɗan farfaɗo dala ta sauko ƙasa da 1,200, ta kwashi yawancin abin da ta tara ta je Wapa ta mayar dala. Daga nan duk wata in albashi ya shigo a ranar take canza abin da za ta ajiye.

Daga Legas suka hau babbar bas mai zuwa Akara, boda uku ake ƙetarewa, Seme, Hilakonji, Aflao, tafiyar da a taswira ba ta kai kilomita 500 ba amma ta cinye musu yini guda har dare. A ɗaya daga cikin bodojin aka ce fasfonta sabo ne ba a taɓa buga masa hatimi ba sai ta biya wani abu, ba rasit, ta tsaya gardama irin ta ma'aikatan banki, wata 'yar kasuwa da ke bayanta ta ja mata hijabi tace ki biya mu tafi kar mota ta bar ki. Katin ATM ɗinta na naira kuwa bai yi aiki ko sau ɗaya ba tunda suka fita, a lokacin bankuna sun dakatar da amfani da shi a waje, ita ta san da haka a takarda amma sai da ta tsaya gaban na'ura a Akara ba ko sidi a hannunta ta gane nauyin abin.

Kwana shida aka kira ƙanin intabiyu ya juya daga Akara da izinin Hajiya, ita ta hau motar Kumasi ita kaɗai, awa biyar da wani abu. Goggo ta tare ta a tasha da jikoki huɗu, ta rungume ta tana kuka tana cewa "yarinyan Kano ya zo, ya yi kama da baba", don Hausar can ba ruwanta da mace ko namiji, kowa ya ne. Kwana takwas ta yi, koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da suke kira waakye, tuwon zafi da dare, aka zaga da ita gida-gida a zango ana nuna ta.

A dawowa ne ta ga ɗaya fuskar abin. Ta ce bari ta kwana biyu a Lome ta ga babbar kasuwar atamfa, ta kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tasha saboda arha. Mai karɓar baƙi ya tambaye ta ina mijinta har sau biyu. Wajen ɗaya na dare aka fara ƙwanƙwasa mata ƙofa, a hankali, a daina, a sake, ta jawo tebur ta tokare ƙofar ta zauna a kan gado da takalmi a ƙafa tana ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta kira ni muka yi ta magana ƙasa-ƙasa har kiran asalatu. Ba abin da ya same ta. Da asuba ta fita ta bar kuɗin kwana na biyun.

Ta dawo da lambobi na gaske a littafinta. Ranar da ta kwana a otal tana kashe dala 35 zuwa 40, ranar da take gidan mutane ko da ta yi cefane ta yi wa yara alheri ba ta wuce dala 12. Kuma ta dawo tana son tafiyar fiye da da, abin da Yaya ya yi zaton gwajin zai kashe.

Yuni zuwa Satumba 2024: neman hutu, sannan ajiye aiki

Ba ta so ta saki aikin gaba ɗaya ba. Ta rubuta tana neman hutun wata shida ba albashi, manajanta ya sa hannu, takarda ta yi sati bakwai a hedikwata ta dawo da amsar cewa irin wannan hutun sai na karatu ko rashin lafiya, in tana so a ba ta wata ɗaya. Wata abokiyar aiki tace ta nemo takardar shiga wata makaranta a Ghana ta ƙarya mana, tace ta gama da ƙarya tun Maris.

Nan ne aka zo gaba kura baya siyaki. Ta yi istihara, ta zauna da Hajiya su biyu ba Yaya, ta buɗe mata littafin ta nuna mata komai har da labarin daren Lome, wanda ni na ce ta ɓoye. Hajiya ta kafa sharuɗɗa: ba kwanan otal sai in dole kuma ba na bakin tasha ba, duk garin da za ta sai an san gidan wa za ta sauka kuma Hajiya ta yi magana da matar gidan a waya tukuna, ba tafiyar dare, kira kullum bayan magariba, in Hajiya tace dawo to ta dawo ba tambaya. Ta karɓa duka.

Sai lissafi. Bashin ma'aikata saura 640,000, in ka ajiye aiki ba a ci gaba da cire shi kaɗan-kaɗan a tsohon sauƙin, don haka ta biya shi tas. Ta ware miliyan 1.2 ta damƙa min na maganin Hajiya da kuɗin makarantar yara. Abin da ya rage na tafiya dala 4,300. A kan dala 20 a rana kwana 215 ke nan, wata bakwai, shekara gudan da take mafarki ta rushe tun a takarda. Ta so ta cike gibin da kuɗin fansho, don dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai 50 ba ya ciri kashi 25 na asusunsa in ya bar aiki, sai dai sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, ita kuma ta ɗauka tana fita za a ba ta. Ta miƙa takarda ƙarshen Agusta da notis na wata ɗaya, ranar ƙarshe ta Satumba ta miƙa katin shaida ta fito. Inshorar lafiyar ofis ma a ranar ta tsaya, wannan ba mu sa shi a lissafi ba sam.

Oktoba 2024 zuwa Janairu 2025: daga hannu zuwa hannu

Ta tashi tsakiyar Oktoba. Abin da ya ɗauki tafiyar nan ba wata manhaja ba ce, Goggo ce da wayarta mai maɓalli. Ita ta kira wata Hajiya mai sayar da atamfa a zangon Lome tace ga 'yata nan amana, ita kuma ta Lome da za ta wuce ta haɗa ta da direban da ta sani ta karɓi lambarsa, haka aka yi ta miƙa ta. A mota ita kaɗai ce, ba wanda ya san ta, amma a kowace tasha akwai mai jiranta. Abin da take riƙewa na gaisuwa turaren wuta ne da humra da kilishi, tace ba gidan da ta buɗe kwalbar humra ba a canza mata fuska ba.

Daga Kumasi ta yi arewa zuwa Yeji ta hau jirgin ruwan da ke ƙetare tafkin Volta zuwa Makango, daga nan Salaga. Ta yi tsammanin babban gari, sai ta tarar da ƙaramin gari mai ƙura, aka kai ta ta ga rijiyoyin da ake wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. Ta kira ni da yamma muryarta a sanyaye tace mu a gida labarin goro kawai aka ba mu, ba wanda ya ce mana a kasuwar nan har mutane aka sayar, kuma fataken da muke alfahari da su suna cikin masu saye. Kwana huɗu ta yi a can ta wuce Tamale. Zaɓen Ghana na 7 ga Disamba a Kumasi ya same ta, Goggo ta hana ta fita sati guda.

Neman kuɗi a hanya ta gwada iri biyu. Ta ɗauki aikin rubuta wa wasu 'yan kasuwar Kwari biyu lissafin shago daga nesa, wata biyu abin ya watse, su ba sa turo hoton rasit a kan lokaci kuma ɗan kasuwa yana son ya ga mai riƙe masa littafi ido da ido. Wanda ya yi aiki shi ne atamfa, tana ɗaukar hoto a kasuwa ta sa a status na WhatsApp, tsofaffin abokan aikinta su zaɓa su turo min kuɗi, ita ta saya ta ba direba. Ba wata riba mai yawa ba ce, wata mai kyau dala 150, amma ta ishe ta kuɗin mota da data. Ta fita Ghana farkon Janairu da sauran kwanaki kafin 90 ɗinta su cika.

Janairu zuwa Afrilu 2025: Abidjan da Senegal

Abidjan ce ta karya lissafin. Ta shiga ta bodar Elubo da Noe, gidan da aka haɗa ta da shi a Adjame ɗaki biyu ne mutum tara, ba Faransanci a bakinta sai gaisuwa da ƙirga, kuma ranar ta biyar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita sosai har sai da aka ƙara mata ruwa a wani asibiti mai zaman kansa, kwana uku, dala 260 daga aljihunta. Ta ɓoye wa Hajiya, matar gidan ta faɗa, Hajiya tace saura ƙiris in ce ki dawo, kar ki sake. Bayan ta warke ta kama ɗaki na kwana goma don ta huta, nan ma kuɗi ya tafi.

Daga nan ba ta bi ƙasa ba. Hanyar Mali ba ta cikin magana, ficewarsu daga ECOWAS ma ta tabbata ranar 29 ga Janairu, ta Gini kuma doguwa ce kuma sarƙar Goggo ba ta kai can ba, sai ta sayi tikitin jirgi zuwa Dakar, wanda shi kaɗai ya ci kuɗin kusan sati uku. Ta yi kwana tara a Dakar, ta hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore, sannan ta wuce Kaulaha, wajen kilomita 190. A Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa a 1930, ba ta sha wahalar masauki ba don Hausawa masu ziyara da ɗalibai ba sa yankewa, ta sauka ɓangaren mata na wani gida ta yi azumin Maris gaba ɗaya a can, zafi kamar me, tana taya girkin buɗa-baki a manyan tukwane. Tace a duk tafiyar nan ne kawai ta daina ƙirga kwanaki, amma kuma nan ne kewar gida ta fi cin ta, in an sha ruwa da burodi da kofi sai ta tuna kunun tsamiyar Hajiya.

Bayan salla da sati ɗaya jinin Hajiya ya hau aka kwantar da ita kwana biyu. Hajiya ba ta ce dawo ba. Ita ta duba abin da ya rage, dala 700 da 'yan kai, ta fasa Banjul da ke gabanta ta sayi tikitin Legas. Tsakiyar Afrilu ta shigo Kano, wata shida cif.

Bayan dawowa

Wata biyar ta yi ba aiki. Kuɗin fanshon sai a Mayu ta je da kanta ta cike takardu, ya fito wajen 900,000, shi ya riƙe gidan. Intabiyu huɗu ta je, duk sai an tambayi me ta yi a watannin nan, in ta faɗi gaskiya wasu su yi dariya wasu su rubuta wani abu a takarda. A Satumba ta samu aiki a wani ƙaramin bankin ba da rance, albashin kamar kashi biyu cikin uku na wanda ta bari, a lokacin da kayan masarufi suka ninka. Wani da ya fara nemanta da aure kafin ta tafi ya janye, 'yan uwansa suka ce ba su san inda ta kwana ba wata shida. Yaya yana amsa gaisuwarta amma ba ya zancen. Cinikin atamfa bai mutu ba, Hajiyar Lome tana turo mata kaya duk wata.

Yadda nake kallonsa yanzu

Abubuwan da suka faɗi duk inda ta yi aiki da zato ne. Ta zaci naira za ta jira ta, ta zaci hanyar Nijar tana nan, ta zaci za ta iya ɓoye wa uwa, ta zaci fansho zai fito nan take. Shekarar farko ta tari kusan a banza ta tafi, kuma laifin nan har da ni a ciki. Kwana 18 na gwaji sun koya mata abin da wata goma sha uku na zane a littafi bai koya mata ba, da ta fara da shi tun 2023 da ta san tun wuri cewa kuɗinta na wata shida ne ba na shekara ba. Sharuɗɗan Hajiya da ta karɓa don dole su suka zama tsarin da ya rage mata kashe kuɗi zuwa ƙasa da rabi, suka kuma raba ta da irin daren Lome, sai dai wannan ba kowace mace ke da shi ba, ita ta gaji Goggo a Kumasi ne, wadda ba ta da kowa a zango lissafinta daban ne.

Ajiye aikin shi ne har yau ba mu daidaita a kansa ba ni da ita. Ni ina ganin ta biya da tsada, shekara goma na hawa mataki ta koma baya, kuma da za ta iya yanka tafiyar gida uku ta yi a hutun shekara uku tana kan aikinta. Ita tace wanda ke da tikitin dawowa ranar Litinin ba ya zama a Madina Baye ya yi azumi talatin, kuma da ba ta tafi ba da yanzu tana nan a teburin tana jin haushin kowa. Makon jiya na je gidan na tarar Hajiya tana waya da Goggo, suna shirya yadda jikar Goggon za ta zo Kano karatu ta zauna a ɗakin ƙawar tawa, Hajiya tana ta nanata mata cewa a sa yarinyar a motar safe kuma a turo lambar direba.